Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirye-shiryen Lafiya A Gidajen Rediyonmu: Batun Ciyawar Teku Da Ciwon Suga

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan uwa masu gabatar da shirye-shiryen lafiya, da furodusoshi, da shugabannin sashen talla na gidajen rediyonmu, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai harhaɗa magunguna ne, shekarata goma sha shida a bayan kanta, kuma rediyon shagona a kunne yake daga buɗewa har tashi. Da muryoyinku a kunnena nake ƙirga ƙwayoyi, nake rubuta wa mutane safe ɗaya dare ɗaya a jikin 'yar leda. Na san alherin da kuka yi wa jama'a a kan rigakafin shan inna da zuwa awon ciki da kwana a gidan sauro. Saboda wannan darajar taku ce na kawo muku kukana kai tsaye.

A daminar da ta wuce, wata dattijuwa sa'ar mahaifiyata, wadda ta shekara shida tana sayen metfomin, maganin ciwon suga, a wurina duk ƙarshen wata, ta ɗauke ƙafa. Wata biyu ban sa ta a idona ba. Ranar da ta dawo jikanta ne ya riƙo ta. Ta rame, leɓɓanta sun bushe, tana neman ruwa tun kafin ta zauna. Na soki yatsanta, na ɗiga jinin a na'urar awon suga, ta nuna 412, wato sugan ya hau ƙwarai. Na ce, "Inna, ina maganinki?" Ta kwance gefen mayafinta ta fito da wata roba cike da gari kore-kore mai ƙarnin kifi, an manna takarda a jiki cewa ciyawar teku ce. Ta ce, "Ɗan nan, ai wannan ya fi. An ce Turawa sun yi bincike, akwai wani furotin a ciki da ke wanke suga. A rediyo fa na ji." Da ta zare silifas sai na ga babban yatsan ƙafarta ta hagu ya yi baƙi, an ɗaure shi da tsumma. Ƙaya ce ta soke ta a tsakar gida, ba ta ji ba sai da ta ga jini a kan darduma.

A take na tura su asibiti. Amma maganar nan tata ta hana ni sakat. Inna ba ta riƙe sunan mai tallan ba, ba ta san kamfanin ba. Abin da ta sani shi ne muryar da ke karanta mata labarai, take sanar da ita ganin wata, ita ce ta gabatar da baƙon, ta kira shi dakta, ta ce bincike ya tabbatar. Amanar da take da ita a gare ku ce ta sayar mata da robar nan.

Na zauna na bi sawun binciken, domin mai tallan bai ƙago zancen gaba ɗaya ba. Akwai bincike, kuma masana na gaske ne suka yi shi. An dai tsinko shi ne tun bai nuna ba. Ku ba ni aron haƙurinku in shimfiɗa muku shi, don ku iya tsare duk wanda ya zo muku da wannan magana da tambaya.

Idan mutum ya ci tuwo ko shinkafa, ko ya sha fura, sinadaran narkar da abinci na miyau da na hanji sukan farfasa sitacin ya koma suga, ya shiga jini. A daidai lokacin hanji yakan saki wasu 'yan aike guda biyu, masana suna kiransu GLP-1 da GIP. Aikinsu su je su gaya wa pankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, cewa abinci ya iso, ta saki insulin. Insulin kuwa shi ke buɗe wa suga ƙofar shiga tsoka da sauran sassan jiki. To amma a jikin akwai wani sinadari mai suna DPP-4 da ke aiki kamar almakashi: cikin minti biyu kacal ya datse rabin GLP-1 ɗin da aka saki. Idan aka dakushe almakashin nan, ɗan aike ya daɗe yana isar da saƙo, insulin ya ƙaru, suga ya sauka. A kan wannan dabara aka gina maganin sitagiliptin, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2006, kuma yana nan a kan shiryayyen shagona.

Ga inda ciyawar teku ta shigo. Iri uku ce a dunƙule: ja, kore da ruwan ƙasa. Jar ce ta fi furotin. Wadda Japanawa ke kira nori, suna naɗe shinkafa da ita, furotin ɗinta yana iya haura kashi 40 cikin 100 na busasshen nauyinta, wato tana gogayya da waken soya. Mai ruwan ƙasa kuwa da wuya ta wuce kashi 15. Shi furotin kamar dogon carbi yake, ƙwayoyin amino asid ne aka jera a zare ɗaya. Idan aka yanyanka shi gutsi-gutsi, wasu gutsattsarin sukan yi wani aiki a jiki wanda dogon carbin ba ya yi. A 2015 masu bincike a Jami'ar Limerik da ke ƙasar Ailan, Pádraigín Harnedy da Farfesa Richard FitzGerald da abokiyar aikinsu, sun ciro furotin daga wata jar ciyawa ta gaɓar tekunsu mai suna Palmaria palmata, suka yanyanka shi, suka tace, suka gano gutsattsari uku da ke dakushe DPP-4. Biyu masu ƙwaya huɗu-huɗu, ɗaya mai ƙwaya bakwai. Aiki ne mai kyau, kuma na ji daɗin karanta shi.

Sai dai a cikin kwalbar gwaji aka ga wannan. Kuma ko a cikin kwalbar, sitagiliptin ya fi mafi ƙarfin gutsattsarin nan ƙarfi fiye da sau dubu. Bayan haka, abin da aka haɗiya sai ya tsallake ruwan ciki, ya keta bangon hanji, ya isa jini da yawan da zai yi tasiri. Ku tuna dalilin da ya sa ake yin allurar insulin maimakon a sha shi: furotin ne, in an haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar tsokar nama.

Akwai wani abu kuma da mai talla ba zai so ku sani ba. Irin waɗannan gutsattsari ba ciyawar teku ce kaɗai ke da su ba. Su waɗannan masana na Limerik sun same su a furotin na madarar shanu. An same su a kifi. A 2018 masu bincike daga Kamaru da Jamus sun wallafa cewa sun same su a gurjiya, gurjiyar nan tamu da yara ke talla a faranti. Idan sakamakon kwalbar gwaji ya isa a kira abu maganin ciwon suga, to da nono da gurjiya sun daɗe da raba mu da wannan cuta. Ba su raba mu ba, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Daga kwalba aka koma kan ɓeraye. A Jami'ar Ulster da ke Arewacin Ailan an ba ɓerayen da aka sa wa ciwon suga da gangan wannan yankakken furotin na Palmaria palmata sau biyu a rana na 'yan makonni, aka ga sugansu ya yi sauƙi, cin abincinsu ya ragu. An wallafa wannan a 2020. Labari ne mai ƙarfafa gwiwa ga mai bincike. Amma ɓera ne da aka lalata masa pankiriyas da sinadari, yana cikin keji, ana auna masa komai. Inna kuwa mace ce mai shekara sittin da 'yan kai, mai hawan jini, wadda ciwon ya riga ya taɓa jijiyoyin ƙafarta.

A kan mutane fa? Gwaje-gwajen da ake yawan ambatawa ƙanana ne, kuma galibinsu ba furotin suka gwada ba. A 2011 a Jami'ar Laval ta Kanada an ba mutum 23 miligiram 500 na tataccen sinadarin ciyawar teku mai ruwan ƙasa kafin su ci burodi. Yawan insulin da jikinsu ya saki ya ɗan ragu, amma sugan jininsu bai sauya yadda za a kafa hujja da shi ba. A Koriya ta Kudu a 2008 an gwada masu ciwon suga 20 na tsawon mako huɗu, rabinsu suna shan ƙwayoyin busasshiyar ciyawar teku giram 48 a rana, aka ga sugansu ya ragu. Giram 48 ba ɗan cokalin shayi ba ne, kuma su kansu masu binciken sun fi karkata ga cewa dusar da ke cikin ciyawar ce ta yi aikin, irin dusar da ke jinkirta shigar suga jini. Wannan kuwa muna da ita a wake da zogale da rama da kuɓewa da geron da ba a surfe shi ƙal ba.

Sannan garin da ke cikin robar Inna ba shi ne abin da aka ba ɓerayen ba. Furotin na ciyawar teku a kulle yake a cikin bango mai tauri, sai an jiƙa, an sa sinadarai an fasa, an tace, an yanyanka da wasu sinadarai na musamman a ma'aunin zafi na musamman. Wanda ya shanya ciyawa ya niƙa ya zuba a roba bai yi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Wadda ake yayi yanzu a TikTok da Instagram ma, mai kama da kamu idan an jiƙa ta, yawancin jikinta wani abu ne mai yauƙi da masana'antu ke kaurara ayis kirim da man goge baki da shi. Furotin ɗinta kaɗan ne.

Da a ce rashin amfani ne kawai, da asarar kuɗi ce. Amma ciyawar teku tana zuƙe abin da ke cikin ruwan da ta tsiro. Babban mutum yana buƙatar aidin maikirogiram 150 a rana, kuma tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin da muke ci a Najeriya. Giram ɗaya na busasshiyar kombu, wata mai ruwan ƙasa, yakan ɗauki ninki goma na wannan ko fiye. Yawan aidin yana rikita ƙululun maƙogwaro kamar yadda ƙarancinsa ke kawo maƙoƙo. A ƙarshen 2009 an janye wata madarar waken soya daga kasuwannin Ostireliya saboda kombu da aka sa mata ta jawo wa mutane wannan ciwo, har da jarirai. A 2004 hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta gargaɗi jama'a su daina cin wata mai suna hijiki saboda gubar asenik da ke cikinta. Hijiki kuwa danginsu ɗaya da ciyawar nan da tun 2011 teku ke amayowa tuli-tuli a gaɓar Ghana da Saliyo da kudancin Najeriya. Robar Inna ba ta faɗi irin ciyawar ba, ba ta faɗi tekun da aka ɗebo ta ba. Mai ciwon suga kuwa sau da yawa ƙodarsa ta riga ta gaji.

Kada ku ɗauka ni mai raina tsirrai ne. Metfomin ɗin da nake sayarwa kullum asalinsa wata ciyawa ce ta Turai mai suna Galega officinalis, wadda masu maganin gargajiyarsu suka daɗe suna amfani da ita. Da aka ciro sinadarinta aka gwada, sai aka tarar yana sauke suga amma yana da guba. Sai a 1957 wani likita a Faris, Jean Sterne, ya gwada wani ɗan uwan sinadarin a kan marasa lafiya ya ga ya dace. Ko a haka, babban binciken Birtaniya da ya ɗauki masu ciwon suga 5,102 daga 1977 zuwa 1997 ne ya tabbatar masa da matsayin da yake kai yau. Mai yiwuwa wata rana a samu magani daga ciyawar teku ta wannan hanya, kuma zan yi murna in jera shi a shagona. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

In kuwa labarin koren abu mai furotin kuke nema don shirinku, ga shi nan a maƙwabta. A arewa maso gabashin Tafkin Chadi akwai ƙananan tafkuna masu kanwa, inda wata gansakuka ke tasowa ta rufe fuskar ruwa. Matan Kanembu sukan shiga da ƙorai su kwalfe ta, su haƙa ɗan rami mai faɗi a yashi su zuba, yashi ya tsotse ruwan, rana ta busar, su yanka ta ƙananan falle-falle su kai kasuwa. Suna kiranta dihe, suna miya da ita su ci da tuwon gero, tun kaka da kakanni. A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, aka auna aka tarar kusan kashi 60 cikin 100 nata furotin ne. Ita ce sifirulina, wadda 'yan kasuwancin jawo-wani-ka-samu ke sayar wa mutanenmu a kwalba da tsadar gaske. Ba ciyawar teku ba ce, halitta ce daban, amma a kasuwa a tire ɗaya ake jera su. An gwada ta a Yawunde a 2011 a kan mutum 33 masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau waɗanda jikinsu ba ya karɓar insulin sosai, aka kwatanta ta da waken soya na mako takwas, ta fi waken tasiri. A 2021 kuma wasu masana sun tattara gwaje-gwajen sifirulina takwas da aka yi a kan masu ciwon suga, suka ga sugan safe kafin karin kumallo ya ragu, amma gwajin nan da ke nuna matsakaicin suga na wata uku bai sauya ba. Shi kuwa wannan gwajin shi likita ke dubawa. Sifirulina abinci ce mai gina jiki, kuma abin takaici ne a ce Maiduguri na da cibiyar binciken Tafkin Chadi, muna da jami'o'i da asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai, amma yawancin abin da muka sani game da ita daga waje ake karanto mana. Ku gayyato malamanmu ku tambaye su a kan haka, shiri ne da zan rufe shago in saurara.

Na san ba da sadaka ake tafiyar da gidan rediyo ba. Akwai dizal, akwai albashi, kuma mai tallan magani yakan biya lakadan ba ja-in-ja. Na kuma san abin da ke tura mutane gare shi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin insulin da ƙwayoyi da tsinken awo suka yi tashin gwauron zabo. Ina ganin masu raba ƙwaya biyu don ta kai su ƙarshen wata. Wanda aka ce masa zai sha magani har ƙarshen ransa, sai ga wani ya ce roba uku ka warke, dole zuciya ta karkata. Kuma mutanen ba kaɗan ba ne. Nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kimanin miliyan 11 ke da ciwon suga, kuma ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta ce a 2021 fiye da rabin masu shi a Afirka ba su ma san suna da shi ba. Da yawansu ku ne likitansu na farko.

Don haka ga roƙona, kuma ba ya buƙatar ko sisi. Duk wanda ya zauna a gaban makirfonku ya ce bincike ya nuna, ku tambaye shi a kan iska, kowa na ji: a kan wa aka yi, kwalba ko ɓera ko mutum? In mutum ne, mutum nawa, na tsawon wane lokaci, a wane asibiti? Mai gaskiya zai amsa ba tare da gumi ba. In ya ɗaga muku lambar NAFDAC, ku duba ƙarshenta. Lambar da ta ƙare da harafin L ta kayan gargajiya da na ƙarin abinci ce da aka yi wa rajistar wucin gadi, tana nufin an duba cewa shan abin ba ya da haɗari a fili, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Shi ya sa ake wajabta rubutawa a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Da Turanci ake rubutawa da ƙananan haruffa, Inna ba za ta iya karantawa ba, amma ku za ku iya karanta mata da Hausa. Ku nemi takardar izinin talla ma, domin ita daban ce da ta rajista. Kuma kada ku kira mutum dakta don shi ya ce a kira shi haka.

Abu ɗaya ne nake roƙonku da girman Allah kada ku bari ya fita daga tasharku ko nawa aka biya: a ce wa mai ciwon suga ya ajiye maganin asibiti. Ko an faɗa kai tsaye, ko an lulluɓe shi da cewa maganin Bature danne cuta yake, namu tumɓuke ta yake. Akwai yara masu nau'in ciwon da jikinsu ba ya yin insulin ko kaɗan. Irin wannan yaro in aka tsayar masa da allura, cikin kwanaki kaɗan jininsa zai yi tsami, ya fara amai da numfashi sama-sama, ya suma. Uwarsa kuma tana sauraron shirinku tana tuƙa tuwo.

An yanke wa Inna yatsu biyu, Allah ya taimaka ƙafar ta tsira. Yanzu insulin take yi safe da yamma, jikan nata ya koyi yi mata allurar. A makon jiya sun zo sayen sirinji, tana dogara sanda, 'yar rediyonta na cikin jakar hannu da eriyar a waje. Na sake yi mata bayanin kwalba da ɓera da gurjiya, ta saurara har na gama. Sai ta ce, "To ɗan nan, su masu rediyon sun san da wannan kuwa?" Na ce mata zan rubuta muku.

Wassalamu alaikum.

Naku mai saurare,
Wani mai harhaɗa magunguna daga Kano